Allurar Zomo: Duk Shekara ko Duk Wata Shida?

Wanda ya taɓa ganin zomon da cutar miksomatosis ta kama ba ya mantawa. A karkarar Ingila, daga watan Agusta zuwa Oktoba, sai ka ci karo da shi a bakin hanya zaune kurum. Dabbar da aka sani da gudu, ka matso har ka kusa taka shi bai motsa ba. Fatar idanunsa ta kumbura ta rufe, kwantsa ta liƙe su, gindin kunnuwa ya yi tsiri har kunnen ya faɗi, majina na zuba, numfashi da ƙyar. Ba ya gani, balle ya nemi abinci. Daga kamuwa zuwa mutuwa yawanci kwana 10 ne zuwa 14, kuma babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar. Zomon gida da ba a yi wa rigakafi ba, in ta kama shi, abin da likitan dabbobi ke iya yi galibi shi ne ya sauƙaƙa masa mutuwa.

Saboda haka ne masu ajiye zomo a gida, a ƙasashen Turai, suke ta tambayar sau nawa ya kamata a kai shi allura. Wani ya ce duk shekara, wani ya rantse cewa likitansa ya gaya masa duk wata shida. Dukansu sun ji daidai, lokacin da suka ji ne ya bambanta, domin tazarar tana bin irin allurar da aka yi ne.

Cutar kanta baƙuwa ce a Turai. Asalinta nahiyar Amurka, inda take zaune lafiya a jikin wasu zomayen daji, ba ta yi musu komai sai ɗan ƙurji da ke warkewa. A 1896 ne Giuseppe Sanarelli ya fara ganin ɓarnarta a Montevideo ta ƙasar Yurugwai, lokacin da ta hallaka zomayen Turai da yake bincike da su. Daga baya mutane suka mai da ita makami. An sake ta a Ostareliya a 1950 don rage zomayen da suka addabi gonaki da makiyaya, cikin shekara biyu aka kiyasta sun ragu daga miliyan 600 zuwa miliyan 100. A 1952 wani likita a Faransa, Paul-Félix Armand-Delille, ya sake ta a gandunsa don ya huta da zomayen da ke masa ɓarna, sai ta tsallake katanga ta bazu a nahiyar. Ta shiga Ingila a 1953, ta kashe kusan kashi 99 cikin 100 na zomayen dajin ƙasar. Tun daga nan ta samu gindin zama.

Tsohuwar allurar da aka daɗe ana yi a Ingila ba da ƙwayar miksomatosis aka haɗa ta ba. An yi ta ne da wata 'yar'uwarta marar kisa, wadda ake kira da sunan Shope, masanin Amurka da ya gano ta. Dabarar ita ce a nuna wa garkuwar jiki wani mai kama da ɓarawo, don in ɓarawon ya zo ta gane shi. Amma kama da wane ba ta wane. Kariyar ba ta da ƙarko sosai, shi ya sa a wuraren da cutar ta yi yawa, irin yankunan fadama mai sauro, ake cewa a maimaita duk wata shida. Yin ta ma sai gwani: ɗan kaɗan a cikin fata, sau da yawa a gindin kunne, sauran a ƙarƙashin fata. Nan ne maganar wata shida ta samo tushe, kuma har yau akwai allurai a wasu ƙasashen Turai da ke buƙatar irin wannan tazara.

A 2012 aka fito da Nobivac Myxo-RHD. Ita an yi ta ne da ƙwayar miksomatosis ɗin kanta, mai rai amma an raunana ta, aka kuma dasa mata wani ɗan yanki daga ƙwayar wata cuta ta biyu, cutar zubar jini ta zomaye da ake kira RHD, wadda ke kashe zomo farat ɗaya, wani lokaci ba tare da wata alama ba. Allura ɗaya, kariya biyu, har tsawon shekara. Sai kuma wani sabon nau'in RHD, wanda aka fara gani a Faransa a 2010, ya bazu har ya kai Afirka ta Yamma. An tabbatar da shi a jihar Kwara a 2020. Saboda wannan sabon nau'in aka inganta allurar ta koma Nobivac Myxo-RHD Plus, wadda ta shiga kasuwar Ingila a 2020, tana ba da kariya daga cututtukan uku.

Ƙa'idarta a sauƙaƙe take. Ana iya fara yi wa ɗan zomo daga mako 5 da haihuwa, ko mako 7 idan ana jin kariyar da ya samu daga uwarsa za ta hana allurar kamawa. Tana ɗaukar mako 3 kafin ta fara aiki. Daga nan sai a maimaita duk shekara, har ƙarshen rayuwarsa. Shekara ɗayar nan ita ce iyakar abin da aka gwada aka tabbatar, kuma ni a ganina bai kamata a yi wasa da ita ba. Garkuwar jiki tana sanyi a hankali, ba wata alama da za ta nuna maka, zomon yana tsalle-tsallensa yana cin ganye kamar kullum. Wanda ya bari aka kai wata 15 ko 16 ya bar ƙofa a buɗe ne bai sani ba.

Akwai wani ƙulli a nan da ya kamata a tsaya a kansa. Tunda ƙwayar miksomatosis ce ke ɗauke da saƙon RHD zuwa cikin jiki, zomon da jikinsa ya riga ya san miksomatosis, ko ta tsohuwar allura ko ta kamuwa ya warke, yana iya murƙushe ɗan aiken tun kafin ya isar da saƙon. Sai ya samu kariya daga cutar farko, ta biyun kuwa ba ta kama sosai ba. Shi ya sa likita ke tambayar tarihin alluran da aka yi a baya, wani lokaci ya ƙara wata allurar RHD ta daban, irin Filavac ko Eravac, da tazarar aƙalla mako 2 a tsakani. Katin rigakafin zomo abin adanawa ne, kuma in ka karɓi zomo daga hannun wani, ka karɓo har da katin.

Lokacin yin allurar ma yana da muhimmanci. Cutar tana yawo ne a bakin ƙwari masu cizo: sauro, ƙuma, da wasu ƙananan ƙwari da ke zama cikin gashi. Ƙwaron ya ciji marar lafiya, ƙwayar ta maƙale a bakinsa, ya kai wa mai lafiya. A Ingila abin ya fi tsanani a ƙarshen lokacin zafi, don haka mutane da yawa sukan zaɓi watan Maris ko Afrilu, kariyar ta kankama kafin sauro ya taso. Amma zomon da ba a taɓa yi masa ba, ba a jira masa wata. Ƙuma ba ta san sanyi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa nasu zomon a ɗaki yake, ba ya fita. Mu da muka san sauro mun san bango ba ya hana shi. Kyanwa ko kare da suka shiga ciyawa suna iya kwaso ƙumar zomon daji su kawo har falo. Zomon ɗaki ma allurarsa duk shekara ce.

Allurar ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari. Zomon da aka yi wa yana iya fitar da ƙurji mai ɓawo a hanci ko gefen ido, amma yawanci da jinya yakan tashi. Wurin allurar ma yakan ɗan kumbura a makonni biyun farko ya sace da kansa. Don haka ana haɗawa da sauran matakai: a lulluɓe keji da raga mai ƙananan ido, a zubar da ruwan da ya kwanta kusa, a yi wa kyanwa da kare maganin ƙuma. Sai dai a kula, maganin ƙuma mai sinadarin fipronil, irin Frontline da ake ɗiga wa karnuka, guba ne ga zomo, yana iya kashe shi.

A Ostareliya kuwa, ragar ce kaɗai abin dogaro. Gwamnati ba ta yarda da allurar miksomatosis ba, don tsoron kada ƙwayar da aka raunana ta tsallaka zuwa zomayen daji ta ba su kariya. Mai zomo a can, da yamma ta yi sai ya shigar da shi ciki ya rufe tagogi, ya bi ragar keji da hannu yana duba ko akwai inda ta yage.