Yadda A Ke Tayar da Tsohon Inji a Gida

Zancenmu na kimiyya na yau ya fito ne daga wani ɗan gari da a ke kira College Park, cikin Jihar Maryland ta ƙasar Amurka, mil kaɗan arewa maso gabas da birnin Washington. Abin da za mu duba shi ne tsufan injin mota, watau abin da ke kawo shi, da yadda mutum zai maido wa inji ƙarfinsa da hannunsa a gidansa.

Garin nan ya daɗe da sanin ƙarar inji. A nan ne Jami'ar Maryland ta ke, wadda asalinta makarantar aikin gona ce da aka kafa a 1856. A nan ne kuma a ke da filin jirgin saman da aka shaida ya fi kowane fili a duniya daɗewa ana aiki da shi. A 1909 Wilbur Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka ƙago jirgin sama, ya koya wa hafsoshin soja biyu, Frank Lahm da Frederic Humphreys, tuƙi a filin. Ran 12 ga Agusta 1918 kuma Gidan Waya na Amurka ya fara aika wasiƙu ta sama daga can zuwa New York. A 1998 aka buɗe gidan tarihi a gefen filin. Cikin abubuwan da aka ajiye akwai jirgi samfurin Curtiss Jenny na zamanin Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka gyara aka maido shi kamanninsa na da. Injin da a kan sa wa irin wannan jirgi, mai suna OX-5, silinda 8 gare shi, amma ƙarfin doki 90 kaɗai ya ke bayarwa, abin da ƙananan motoci da yawa na yau suka zarce.

Irin aikin da aka yi wa jirgin nan shi ne mutane da dama a wannan yanki su ke yi wa tsofaffin motoci a garejin gidajensu ran Asabar da Lahadi. Jihar Maryland har lamba ta musamman ta ke ba tsofaffin motoci, bisa sharaɗin ba za a mai da su abin hawan yau da kullum ba. Akwai kuma ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka, AACA, wadda aka kafa a 1935. Kowane watan Oktoba a kan yi babban taronta a garin Hershey na Jihar Pennsylvania, inda mutum zai yini yana neman wani ɗan ƙarfe na Ford Model T, motar da aka daina ƙerawa tun 1927.

To, ga mutanen can wannan aiki sha'awa ce. A gare mu kuwa hanyar abinci ce. Motar Peugeot 504, wadda mu ke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968, aka kuma fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Ta yi shekaru tana jigilar mutane da kaya tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi, kuma iyalai masu yawa da ita suka ci suka sha. Direban da injinsa ya gaji ba shi da kuɗin sabuwar mota, sai ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, neman kayan gyara. Amma ilmin da zai cece shi, shi ne dai wanda mutumin College Park ke aiki da shi.

Bari mu fara da tuna yadda inji ke aiki. Tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876 shi a ke bi har yanzu. A cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka. Ya kan sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matsa su, filogi ya ba da wuta su ƙone su tura shi ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wannan hawa da sauka shi ke juya sandar nan mai gwiwoyi da a ke kira kiranshaf. Idan inji na juyi 3,000 cikin minti guda, kowane fistin yana hawa da sauka sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, kowace silinda kuma tana kama wuta sau 25.

Abin mamaki a nan shi ne, a cikin lafiyayyen inji ƙarafan nan ba su cika taɓa juna ba. Tsakaninsu akwai rata, a cikin ratar kuma akwai baƙin mai ɗan siriri, a kansa su ke zamewa. Ratar da ke tsakanin kiranshaf da matashinsa, wanda makanikai ke kira metal, ba ta cika wuce kashi 2 ko 3 cikin 1,000 na inci ba. Gashin kan mutum kaurinsa wajen kashi 3 ne cikin 1,000 na inci. Watau ke nan lafiyar inji duka tana rataye ne a kan abin da bai fi kaurin gashi ɗaya ba. Tsufan inji kuwa ba wani abu ba ne illa buɗewar wannan rata. Da ta buɗe, mai ba zai tsaya a ciki ba, ƙarfe ya fara dukan ƙarfe, sai ka ji inji yana ƙwanƙwasa.

Me ke buɗe ratar? Na farko shi ne tashin inji da sanyi, lokacin da mai ya koma ƙasa bai riga ya zagayo ba. Na biyu zafi mai yawa, wanda kan tsinke mai ya kuma lanƙwasa kan inji. Na uku, wanda ya fi damun ƙasashenmu, shi ne ƙura. Kafin inji ya ƙone lita ɗaya ta fetur sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000. In lokacin hunturu ne, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe Kano da Damagaram, ku duba yawan ƙurar da ke cikin wannan iska. A cikin ƙura akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. In ya wuce matacin iska ya gauraya da mai, sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙarfen a kowane hawa da sauka.

Mai hankali ba ya kwance inji sai ya binciki ciwonsa tukuna, kamar yadda likita ba ya yanka sai ya auna. Hayaƙin salansa shi ne shaida ta fari. In shuɗi ne, mai ke ƙonewa. In baƙi ne, fetur ya yi yawa, wannan kuwa sau da yawa laifin kafireta ne, ba ya bukatar a buɗe inji. In fari ne tas, bai kuma ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, to, ruwa ke shiga silinda. Daga nan sai a cire filogi, a ɗaura ma'aunin matsi a ramin, a juya inji, a rubuta abin da kowace silinda ta nuna. In bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100, akwai abin dubawa. Sai a zuba mai kamar cokali ɗaya a cikin silinda mai rauni a sake aunawa. In matsin ya ƙaru, zobban fistin ne suka cinye, waɗanda a ke kira ringi, domin man ya toshe ratar na ɗan lokaci. In bai ƙaru ba, a nemi laifin wajen bawul ko gasket. Da cokalin mai ɗaya mutum ya san rabin labarin injinsa.

Sa'ad da aka zo kwancewa, doka ɗaya ce: kowane ƙarfe ya koma inda ya fito. Ƙarafan da suka daɗe suna gogayya sun saba da juna, in aka musanya su sai su ci juna. Saboda haka a kan sa wa kowane fistin lamba, a jera bawuloli bi da bi a jikin kwali, a zuba notuna a gwangwanaye dabam-dabam. A ɗauki hoto da waya kafin a kwance kowane sashi, gama abin da mutum ya gani yau ba lalle ya tuna shi bayan wata biyu ba.

Yanzu mun zo ga zuciyar aikin, watau awo. Silinda ba ta cinyewa daidai wa daida. Ta fi cinyewa a sama, inda wuta ta fi zafi mai kuma ya fi ƙaranci, har ma ta kan tashi daga siffar da'ira ta koma kamar ƙwai. Ido ba zai ga wannan ba, sai ma'auni mai suna maikuromita da 'yan'uwansa. Nan ne a ke yawan yin kuskure. Mutum ya sayi sabon ringi ya sa cikin silindar da ta riga ta buɗe, mota ta yi 'yan watanni lafiya, sa'an nan hayaƙi ya dawo, kuɗi kuwa sun tafi. In awo ya nuna silinda ta wuce iyakar da littafin kamfanin ya yanka, dole a kai ta wurin masu injin fiƙe ƙarfe su ƙara faɗinta, misali da kashi 20 ko 30 cikin 1,000 na inci, a sa fistin mai girman haka. Kiranshaf ma a kan rage shi da kashi 10 ko 20, a sa masa metal mai kaurin da zai cike gurbin. Wannan sashi ba na gida ba ne, ko a Amurka ma fita da shi a ke yi.

A nan Fijo 504 ta yi wa mai ita gata. Silindarta ba a jikin inji aka huda ta ba, bututun ƙarfe ne dabam wanda ruwa ke kewaye da shi, ana iya zare shi a sa sabo tare da sabon fistin. Injinta mai lita 2, mai silinda 4, faɗin kowace silinda milimita 88 ne. Sai dai wajibi ne a auna ɗan abin da bututun ya ɗara fuskar inji da shi, gama in bai kai ba gasket ba zai kamu ba, ruwa ya riƙa shiga mai.

Bayan awo sai tsabta. Silindar da aka gyara ta kan riƙe ɓarɓashin dutsen da aka goge ta da shi, fetur ko kananzir kuwa ba sa fitar da shi duka. Sai an wanke da ruwan zafi da sabulu da buroshi, ana goge wa da farin ƙyalle har ya fito fari, kāna a shafa mai nan da nan don tsatsa. Wanda ya haɗa inji a kan ƙasa, iska na kaɗa ƙura, ya zuba masa ajalinsa da hannunsa. Shimfiɗa mai tsabta da rufi da leda sun isa su hana wannan.

Wajen haɗawa, a fara sa kowane ringi shi kaɗai cikin silinda a auna tsagar da ke tsakanin bakunansa biyu. Abin da aka saba shi ne wajen kashi 4 cikin 1,000 na inci ga kowane inci na faɗin silinda, amma maganar littafin kamfani ita ce gaba. Dalili kuwa, ƙarfe ya kan miƙe in ya yi zafi, in babu tsaga sai bakunan su haɗu ringi ya karye. Notunan kan inji kuma ba da ƙarfin damtse a ke ɗaure su ba. A kan yi amfani da sufana mai ma'auni, a fara daga tsakiya a yi waje, sannu-sannu, zagaye biyu ko uku, don kada kan ya karkace.

Masu tsofaffin motocin Amurka suna da wata damuwa kuma. An ƙera injunansu ne a zamanin da a ke zuba dalma cikin fetur, dalmar kuwa tana kare mazaunin bawul. Da aka tabbata guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara, Amurka ta hana ta a motocin hanya a 1996, ƙasar Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe da ta daina sayar da irin wannan fetur a 2021. Shi ya sa da yawansu su kan sa wa kan inji mazaunin bawul mai tauri in sun zo gyara.

Ranar tayar da inji ita ce ranar hukunci. A cika mai da ruwa, a cire filogi a juya inji har ma'aunin mai ya motsa, sa'an nan a mai da su a kunna. Cikin mil ɗaruruwan farko kada a yi lodi mai nauyi, kada kuma a tsaya kan gudu iri ɗaya, don ringi ya zauna. Bayan haka a zubar da man farko a sa sabo. A kula kuma da rai. Kada a tayar da inji cikin rufaffen ɗaki, domin a hayaƙinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, ta kan kashe mutum bai sani ba. Kada kuma a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Jama'a, injin da aka auna da kyau, aka wanke da kyau, aka ɗaure bisa ƙa'ida, yana iya sake yin shekaru yana aiki. Wanda aka haɗa da gaggawa kuwa, sai a biya kuɗinsa sau biyu. Ga wanda injinsa ke da sauran lafiya, shawararmu ita ce ya duba matacin iskarsa tun kafin hunturu ya kama, ya kuma canja mai a kan lokaci, gama rigakafi ya fi magani.