Rediyon mota mai miƙa magana: batiri ne babbar matsala

Duk wanda ya taɓa barin garin Dakoro ya yi arewa, ya tsallake kwarin Tarka ya nufi Bermo ko dajin Gadabeji, ya san akwai wuraren da salula ke zama kamar dutse cikin aljihu. Rezo ya kan ɗauke, sai mutum ya hau tudu yana ɗaga hannu sama. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi ma masu karatu bayanin wata dabara da masu sha'awar rediyon sadarwa na duniya suka daɗe suna aiki da ita, wato mayar da mota tashar miƙa magana.

Ga yadda abin yake. Ƙaramar oba-oba ta hannu ƙarfinta bai cika wuce wat 5 ba, kuma muryarta ba ta haure tudun rairayi. Amma akwai rediyoyin da ake kafawa cikin mota, irin su Kenwood TM-V71 ko Yaesu FT-8900, masu kai wat 50, waɗanda ke aiki kan zango biyu lokaci guda. A yankinmu na Afirka, an ware ma masu wannan sha'awa megahaz 144 zuwa 146, da kuma 430 zuwa 440. Mutum ya ajiye motarsa bisa tudu, ya gangara ƙafa zuwa rijiya ko rugga, ya yi magana da ta hannunsa kan zangon 430. Ta motar ta kama, nan take ta sake watsa maganar kan 144 da cikakken ƙarfi. In amsa ta zo, sai ta biyo hanyar a juye. Tazarar da ke tsakanin zangunan biyu ita ke hana na'urar toshe ma kanta kunne. Ko tashar sararin samaniya ta duniya irin wannan tsari aka kafa mata a 2020.

To, inda gizo ke saƙar shi ne wuta. Mu da ke aikin gidan rediyo mun san cewa na'urar watsawa ba ta da abokin gaba kamar ƙarancin wuta da zafi, kuma ta mota ma haka take. A ƙarfin wat 50 tana jan wajen ampa 12. Batirin mota mai lamba 70, rabinsa kawai ake iya ci in ana son injin ya tashi daga baya, ke nan awa 3 na magana ba tsayawa sun isa su kwantar da shi. Kar a manta, mai miƙa magana ba ta hutawa: kai ka yi magana ta watsa, abokinka ya amsa ta watsa. Wanda ya bar ta haka ya tafi yini, zai komo ya tarar da mota ta ƙi tashi, cikin dajin da ba mai tura ta, ga shi rediyon da zai nemi agaji da ita ta mutu.

Magani na farko shi ne rage ƙarfi. In aka sauko zuwa wat 5, jan wutar ya kan koma wajen ampa 4, kuma sau da yawa tsayin tudu da eriya mai kyau a tsakiyar rufin mota sun fi ƙarin wat amfani. Na biyu, a sa mata batiri nata daban, wanda mota ke cikawa in tana tafiya amma ya rabu da na injin in an tsaya. A haɗa shi da allon hasken rana in da hali, tunda rana ba ta yi mana rowa a nan. Waya kuwa mai kauri, daga batiri kai tsaye, da fis kusa da kan batirin. Ramin kunna taba bai iya ɗaukar wannan nauyi. Masu manyan motoci na bolt 24 su kula, waɗannan na'urori na bolt 12 ne.

Sai zafi. Cikin wutar da take ja a cikakken ƙarfi, fiye da wat 100 zafi yake zama. Ku auna wannan cikin mota rufaffiya a watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta ke haura digiri 40. A kafa ta inda iska ke ratsawa, a riƙa kakkaɓe ƙurar fankarta, a kuma kunna agogon da ke katse watsawa bayan mintoci kaɗan, don kar wani ƙugi ya riƙe ta a buɗe har ta ƙone.

Akwai kuma batun doka, wanda a ganinmu ya kamata ya zo kafin sayen kaya. Mita dukiyar ƙasa ce, hukumar ARCEP ke kula da ita a Nijar, kuma mai izini yana samun lambar kira mai farawa da 5U. Zangunan da muka ambata ba na ciniki ba ne. Ƙungiyar makiyaya ko kamfanin sufuri da ke son irin wannan tsari sai su nemi tasu mitar. A halin tsaron da ake ciki a jahar Maraɗi, mota mai doguwar eriya da oba-oba ba takarda, tambayoyin da za ta sha a shingen jandarma ba kaɗan ba ne.