Zafin Ruwa Da Gansakuka Mai Guba

Mutanen Bilbis da Tsafe da Bungudu sun san gansakuka. Ita ce koren nan da ke rufe saman tafki idan ruwa ya daɗe a kwance. Wata gansakukar ba ta da illa. Amma akwai mai guba, kuma zafi ne ke ƙara mata ƙarfi, a teku da tafki baki ɗaya.

Yadda abin yake faruwa

Duniya tana ƙara zafi saboda hayaƙin man fetur da kwal. Teku ce ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarin zafi. Idan ruwa ya yi ɗumi, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa takan ragu. Ita kuwa gansakuka, a nan take samun yadda take so. Abincinta shi ne takin zamani da kashin dabbobi da ruwan sama ke kwasowa daga gonaki. Sai ta yaɗu cikin 'yan kwanaki. Idan ta mutu ta ruɓe, sai ta cinye sauran iskar. Daga nan kifaye su mutu.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

A shekarar 2015 ruwan tekun Fasifik ya yi zafin da ba a saba gani ba a yammacin Amurka. Gansakuka mai guba ta yaɗu. Ƙananan kifaye da ƙaguwa suka ci, gubar ta taru a jikinsu. Tsuntsaye da dabbobin teku da suka ci waɗannan kifaye suka kamu. Hukuma ta hana kamun ƙaguwa na watanni, masunta suka yi asara.

Abin bai tsaya a teku ba. A 2014 an hana mutanen birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na kusan kwana 3. A 2020 giwaye fiye da 300 sun mutu a ƙasar Botswana. Gwamnatin ƙasar ta ce gubar gansakuka ce a tafkunan da suke sha.

Abin lura ga manoma da makiyaya

A watannin Maris da Afrilu da Mayu rana takan yi zafi ƙwarai. Tafkuna sukan janye, ruwan ya yi ɗumi. A lokacin ne ya kamata a sa ido.

1. Idan ruwa ya yi kore kamar an zuba masa fenti, ko yana wari, kada a sha.
2. Kada a shayar da shanu da tumaki da awaki a wurin.
3. Kada yara su yi wanka a ciki. Yakan jawo ƙaiƙayi da amai da gudawa.
4. Tafasa ruwan ba ya kashe wannan guba.
5. Kada a ci kifin da aka tsinta a mace.
6. Kada a zuba taki ko juji a bakin tafki ko rafi.

Dabbar da ta sha irin wannan ruwa takan yi makyarkyata, ta dalalar da miyau, ta faɗi. A gaggauta kiran malamin dabbobi. Idan mutum ne ya sha, a kai shi asibiti nan da nan. A kuma sanar da mai unguwa don a gargaɗi jama'a. Rigakafi ya fi magani.