Kumbar Kogin Kwara: Abin da Kundin Gadonta Zai Faɗa Mana Game da Ruwan Bagudo

A ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, inda Kogin Kwara ke shigowa Nijeriya bayan ya raba Nijar da Jamhuriyar Benin, ƙarshen rani kan tona abin da ruwa ya ɓoye. Idan kogi ya ja baya, sai ka ga ɓawon kumba zube a kan yashi, ga kuma kawa manne da duwatsu. Sarkawa da sauran masuntan Lolo da ƙauyukan bakin ruwa sun san su sarai, sai dai kumba da kawa ba su da kasuwa irin ta giwan ruwa ko tarwaɗa, don haka ba a cika waiwayarsu ba. A ɗakunan binciken duniya kuwa, waɗannan halittu masu ɓawo biyu suna da daraja, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani furotin da ake kira histon.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai zaren DNA da tsawonsa ya kai kimanin mita biyu, alhali ɗakin da yake zaune a ciki ido ba ya iya ganinsa. Abin da ya sa ya shige ba tare da ya cukurkuɗe ba shi ne an naɗe shi a jikin histon, kamar yadda mai kaɗi ke naɗe zare a jikin mazari. Bajamushe Albrecht Kossel ne ya gano histon a 1884. Sai a 1974 Roger Kornberg na Amurka ya bayyana tsarin naɗin: histon takwas ne ke haɗuwa su zama dunƙule, biyu-biyu daga iri huɗu da ake kira H2A, H2B, H3 da H4, kuma haruffan DNA kimanin 147 ke zagaye kowane dunƙule. Iri na biyar, H1, shi ke riƙe bakin zaren daga waje.

Wannan tsari daɗaɗɗe ne, kusan bai sauya ba tsakanin halittu. A 1969 masana sun kwatanta H4 na saniya da na wani tsiro dangin wake, suka tarar cikin gaɓoɓi 102 guda biyu kacal suka bambanta.

Aikin histon bai tsaya ga ajiya ba. Inda naɗin ya tsananta, ƙwayar gadon da ke wurin kan yi shiru. Inda ya sassauta, sai jiki ya karanta ta ya yi aiki da ita. Zafi, guba ko ƙarancin iska a ruwa na iya sauya ƙananan alamomin sinadari da ke jikin histon, ta haka halitta ke amsa abin da muhalli ya kawo mata. Akwai wani nau'i, H2A.X, wanda a 1998 aka gano cewa yana samun alama ta musamman a daidai inda zaren DNA ya tsinke. Mai bincike da ya auna yawan wannan alama zai san ko wani abu yana yi wa halittar lahani tun kafin ta mutu.

A nan ne kumba ta fi kifi amfani ga mai binciken ruwa. Kifi yakan gudu idan ruwa ya ɓaci, ita kuwa tana nan inda take, tana tace ruwa dare da rana don samun abinci, duk abin da ke cikinsa yana taruwa a jikinta. Tun 1986 Amurka ke da shirin auna gurɓatar gaɓar tekunta ta hanyar gwada naman waɗannan halittu. A birnin Warso na ƙasar Folan, hukumar ruwan sha na ajiye kumba masu rai da na'ura manne a ɓawonsu. Idan suka rufe baki gaba ɗaya, ƙararrawa za ta sanar da ma'aikata cewa a binciki ruwan.

Amma kafin a fahimci histon na wata halitta, dole a karanta ƙwayoyin gadon da ke samar da shi, kuma wannan aiki ne mai wuya. Ƙwayoyin gadon histon ba sa zuwa ɗaya-ɗaya. Suna jere ne rukuni-rukuni, ana maimaita rukunin sau da yawa, kowane kwafi kusan daidai da na kusa da shi. Tsofaffin na'urori kan yanka DNA gutsi-gutsi, su karanta haruffa ɗari ko ɗari biyu a lokaci guda, sannan kwamfuta ta harhaɗa. Idan gutsattsarin sun yi kama da juna, kwamfuta kan ɗauki kwafi da yawa a matsayin guda. Sababbin na'urori irin na kamfanonin Oxford Nanopore da PacBio suna karanta dubban haruffa a jere, shi ya sa yanzu ake iya ƙirga kwafin da sanin mazauninsu.

Masana a Jami'ar A Coruña ta ƙasar Sifaniya sun shafe shekaru suna wannan nazari a kan kumbar teku mai suna Mytilus, inda suka nuna cewa wasu ƙwayoyin gadon H1 sun ware daga babban rukunin suna zaman kansu. A 2012 masanan ƙasar Sin suka jagoranci karanta cikakken kundin gadon kawar tekun Fasifik, wato jerin dukkan haruffan DNA ɗinta, suka sami ƙwayoyin gado fiye da 28,000, ciki har da 88 na wani furotin da ke kare jiki daga zafi, wanda ɗan Adam ke da 17 kawai. A 2021 masu bincike a Fotugal suka fitar da kundin gadon wata kumbar kogunan Turai da ke fuskantar ɓacewa.

Mafi yawan wannan ilimi an gina shi ne a kan halittun Turai, Asiya da Amurka. Na Kwara daban ne. Kawar da ke manne da duwatsun kogunanmu, wadda Bafaranshe Lamarck ya raɗa wa suna Etheria elliptica a 1807, ba dangin kawar teku ba ce ta kusa. 'Yar gidan kumbar ruwan daɗi ce, irin su Mutela da Aspatharia da ke binne a laka. Suna rayuwa cikin zafin da na Turai ba su sani ba, suna jure cikar kogi da janyewarsa kowace shekara. Yadda histon nasu ke taimaka musu kan wannan juriya tambaya ce da ke da amfani ga duniya mai ƙara ɗumi. Ƙari a kan haka, 'ya'yan yawancin kumbar ruwan daɗi sai sun maƙale a jikin kifi na ɗan lokaci kafin su girma, don haka raguwar kumba na iya zama alamar cewa kifi ma yana cikin matsala.

Bagudo na da dalilin damuwa da wannan. Ruwan da ke isowa Lolo ya riga ya wuce Yamai, Gaya da Malanbil, ya kwaso abin da aka zuba masa. A gida kuma noman shinkafa ya bunƙasa a Kebbi, musamman bayan shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Alheri ne babba, amma takin zamani da maganin feshi da ke fita daga fadama kogi suke komawa, kuma daga kogin ne jama'a ke sha, dabbobin makiyayan Ka'oje ke sha, masunta ke cin abinci.

Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba. Cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a garin Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ce ta fara karanta kundin gadon ƙwayar cutar korona a Afirka a Maris na 2020. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Bussa, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ta kimiyya da fasaha a Aliero, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Hukumar Kula da Kogin Neja, wato Kwara, mai hedikwata a Yamai ta haɗa ƙasashe tara, har da Nijeriya da Benin, don haka akwai inuwar da masanan ɓangarorin biyu za su yi aiki tare.

Karanta kundin gado ba zai tsabtace kogi ba, kuma ba zai maye gurbin gwajin ruwa na yau da kullum ba. Abin da zai bayar shi ne ma'aunin gane lahani da wuri. Matakin farko ba ya cin kuɗi sosai: a tattara kumba daga wurare daban-daban tare da masuntan da suka san makwancinsu, a tantance nau'o'insu, a adana namansu yadda ya dace. Muna kira ga gwamnatin Kebbi da jami'o'inmu da su ɗauki nauyin ɗaliban da za su fara wannan aiki, a kuma mayar wa mutanen Bagudo sakamakon cikin harshen da suke ji, domin ruwan nasu ne.