Ɗaliban da Ke Zana Garuruwan Duniyar Mars a Landan

A titin Exhibition Road da ke unguwar South Kensington a birnin Landan, jami'ar Imperial College tana maƙwabtaka da Gidan Tarihin Kimiyya. A wannan jami'a ne ɗaliban sakandare daga sassan Birtaniya suke haɗuwa don zagayen ƙarshe na gasar UK Space Design Competition. Da isowarsu sai a rarraba su zuwa kamfanoni na ƙage, kowanne da mutum kusan 50, a cakuɗa yaran makarantun da ba su taɓa ganin juna ba. Daga nan a miƙa musu takardar kwangila daga wata hukuma, ita ma ta ƙage, mai suna Foundation Society, a ce su tsara gari sukutum inda mutane za su zauna a wata duniyar. Wata shekara a Mars, wata shekara a duniyar wata, wani lokacin kuma a tsakiyar sarari. Kwana ɗaya da 'yan awoyi suke da shi.

Kowane kamfani yakan zaɓi shugabansa, ya kasa kansa sashe-sashe: masu gini, masu wuta da ruwa da iska, masu kula da rayuwar mazauna, masu injuna da mutum-mutumi, sai masu lissafin kuɗi. Washegari su tsaya gaban alƙalai, waɗanda da yawansu injiniyoyi ne da malaman jami'a, su kare abin da suka zana.

Mars kuwa ba ta da sassauci. Kusan kashi 95 cikin 100 na iskarta kabon dayoksaid ce, kuma matsin iskar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba. Matsakaicin sanyinta yana wajen digiri 60 ƙasa da sifili. Saƙo daga duniyarmu yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, damar harba kumbo zuwa can kuma sau ɗaya take zuwa a wata 26. Wanda famfonsa ya lalace a can, shi zai gyara abinsa.

Iskar shaƙa ce take fara tona asirin ɗalibin da ya saba da hadda kawai. Mutum ɗaya yana buƙatar oksijin kimanin kilo 0.84 a rana. Idan garin na mutum 1,000 ne, kilo 840 ke nan kullum, ba hutu, ba fashi. Daga ina za ta fito? Nan ne abin da aka karanta a littafin kimiyyar sinadarai yake komawa batun rai da mutuwa. Hukumar NASA ta Amurka ta gwada wata amsa: motar bincike ta Perseverance, wadda ta sauka a Mars a watan Fabrairun 2021, ta tafi da wata na'ura mai suna MOXIE da ke fasa kabon dayoksaid ta tsamo oksijin. Sau 16 aka kunna ta zuwa 2023, jimillar abin da ta samar kuwa giram 122 ne, wanda ba zai ishi mutum ɗaya awa huɗu ba. Yaron da ya zauna ya raba kilo 840 da wannan ɗan adadi ya fahimci nisan tafiyar fiye da wanda aka yi wa lacca ta awa biyu. Abin sha'awa shi ne, cikin masanan da suka yi aikin MOXIE akwai Farfesa Tom Pike na Imperial ɗin nan, wanda ƙungiyarsa ce kuma ta ƙera wani ɓangare na na'urar auna girgizar ƙasa da kumbon InSight ya kai Mars a 2018.

Sai batun bango. Mars ba ta da garkuwar da ke kare mu daga haskoki masu cutarwa da ke zuwa daga rana da sauran sarari, ɗauko siminti daga nan kuma ba zance ba ne, domin kowane kilo da aka harba yana cin maƙudan kuɗi. Saboda haka mafi yawan tsare-tsare sukan koma ga ƙasar wurin, a binne ɗakuna a ciki ko a lulluɓe su da ita. Maginin gargajiya na Kano ko Zariya, wanda yake kwaɓa ƙasar unguwarsu ya yi tubali ya tayar da soro mai kaurin bango don maganin zafin rana da sanyin hunturu, zai gane dabarar nan take. A 2019 gidan baje kolin Design Museum na Landan ya nuna samfurin irin wannan gida, girmansa na ainihi, wanda kamfanin zanen gine-gine na Hassell ya tsara.

Amma darasin da ya fi wuya a gasar ba na lissafi ba ne. Masu gini sun ƙara faɗin gari, ba su gaya wa masu wuta ba. Masu noma sun zana lambu mai shan ruwa fiye da abin da masu ruwa suka tanada. Can cikin dare sai a tarar alƙaluman wannan sashe sun ƙi jituwa da na wancan, dole a zauna a yi ta muhawara har a daidaita. Haka aikin injiniya yake a zahiri, kuma da wuya ɗalibi ya gamu da shi a ajin da kowa ke rufe takardarsa kada na kusa ya leƙa. Waɗanda suka fi yin fice akan zaɓe su zuwa gasar ƙasa da ƙasa a Cibiyar Sararin Samaniya ta Kennedy da ke Florida, gasar da injiniyoyi biyu, Anita Gale da Dick Edwards, suka assasa a shekarun 1980.

Shin za a gina waɗannan garuruwa nan kusa? Da kamar wuya. Har yau ɗan Adam bai wuce duniyar wata ba, kuma tun Disambar 1972 ba wanda ya sake taka ta. Wannan bai rage wa aikin daraja ba ko kaɗan. Wanda ya koyi tace ruwa ya maimaita shi, kamar yadda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ta kai ga maido da kashi 98 cikin 100 na ruwanta a 2023, yana da abin yi a duk garin da rijiya ke ƙafewa da rani. Ga shi kuma kayan gasar ba su wuce takarda da kwamfuta da malami mai himma ba, abin da makarantu a Katsina ko Maraɗi za su iya haɗawa.

Ƙananan yara ma an ba su nasu rabon, a wani shiri na daban. Lokacin da ɗan sama jannatin Birtaniya Tim Peake ya je tashar sararin samaniya a Disambar 2015, akwai kilo 2 na irin wani ganyen salak a can, wanda ya yi wata shida yana kewaya duniya. Da aka dawo da shi a 2016, Hukumar Sararin Samaniya ta Birtaniya da ƙungiyar masu lambu ta Royal Horticultural Society suka rarraba shi ga makarantu fiye da 8,000. Kowace makaranta ta sami ƙunshi biyu, ja da shuɗi, ɗaya na sama ɗaya na gida, ba a faɗa musu wanne ne wanne ba. Yara kusan 600,000 suka shuka, suka yi ta ban ruwa, suna ƙirga tsiro suna auna ganye har kwana 35, suna aika sakamakon. Da aka haɗa alƙaluman, sai aka ga irin da ya je sama ya tsiro, amma ya ɗan yi jinkirin girma idan aka kwatanta da na gida. Masana a jami'ar Royal Holloway sun bi diddigin lamarin, suka wallafa sakamakonsu a 2020, inda suka nuna cewa haskokin sarari ne ake zargi da saurin tsufar da irin.