Haihuwa Ta Hanyar Aikin Tiyata: Bayani Ga Magidanta Da Shugabannin Al'umma A Dutsin-Ma Da Kurfi

Gabatarwa

A garuruwa da ƙauyukan ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran sassan Jihar Katsina, idan aka ce za a yi wa mai ciki aiki a ciro jariri, sai hankalin gida ya tashi. Wasu na ganin mace ba ta shiga ɗakin tiyata sai ajali ya matso, wasu kuma na ɗaukar abin a matsayin ragwanta, wai ta kasa haihuwa da kanta kamar yadda uwarta da kakarta suka yi. Wannan tunani ya sa ana jinkirin kai mata asibiti har sai ƙarfinsu ya ƙare. Manufar wannan bayani ita ce a fahimtar da magidanta da iyaye da ungozomomi da masu unguwanni da dagatai da jami'an ƙananan hukumomi yadda aikin yake, da abin da mai jego ke fuskanta, da kuma dalilin da ya sa shirin da aka yi tun kafin naƙuda shi ne ke ceton rai da yardar Allah.

Inda Muke A Yau

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin 100 kacal na haihuwar da ake yi a Nijeriya ne ake yi ta hanyar tiyata, kuma kashi 39 cikin 100 ne na haihuwa ke faruwa a asibiti. Binciken ya ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Tun a shekarar 1985 masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara suka nuna cewa adadin da ya dace a yi wa aiki yana tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100. A wasu ƙasashe ana kukan aikin ya yi yawa, har ana yin sa ba tare da larura ba. A yankinmu kuwa matsalar ita ce mata da dama da ke buƙatarsa ba sa samunsa, ko kuma sukan same shi a makare.

Shaidar wannan tana kusa da mu. A Babbar Ruga da ke wajen birnin Katsina akwai cibiyar ƙasa ta kula da masu yoyon fitsari, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya soma yi wa mata gyara tun cikin shekarun 1980. Mafi yawan matan da ake kaiwa can doguwar naƙuda ce ta jawo musu larurar. Kan jariri ya maƙale a ƙugu kwana biyu ko uku, ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya ɓule, kuma galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Aikin da bai wuce sa'a guda ba, da an yi shi a kan lokaci, da ya hana faruwar hakan.

Dalilan Da Ke Sa A Yi Aiki

Likita ba ya yanke shawarar yin aiki sai ya ga cewa haihuwa ta hanyar da aka saba za ta jefa uwa ko jariri cikin haɗari. Daga cikin dalilan akwai:

1. Ƙanƙantar ƙugu ko girman kan jariri, abin da aka fi gani ga mai cikin fari da ba ta gama girma ba.
2. Kwanciyar jariri a gicciye, ko fitowar hannu ko igiyar cibiya kafin kai.
3. Mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ko ta saki kafin jariri ya fito, wanda ke jawo zubar jini mai yawa.
4. Hawan jini mai tsanani da jijjiga.
5. Galabaitar jariri a ciki, wadda ake ganewa ta hanyar sauraron bugun zuciyarsa.
6. Wani lokaci tagwaye, ko macen da aka taɓa yi wa aiki sau biyu ko fiye.

Da yawa daga cikin waɗannan ana iya hango su a wajen awon ciki. Shi ya sa tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu.

Abin Da Uwa Ke Gani A Ranar Aiki

Domin a rage fargaba, bari mu ɗauki misalin yarinya mai cikin fari da ta je goyon ciki gidan iyayenta a wani ƙauye da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Naƙuda ta kama ta bayan sallar isha'i, amma saboda kunyar ɗan fari ta yi shiru sai da asuba mahaifiyarta ta lura. Ungozoma ta zauna da ita har hantsi, ta ga abin ba ya gaba, ta ce a nemi mota. A cibiyar lafiya ta kusa aka duba ta, aka tura ta babban asibiti, inda likita ya tabbatar kan jariri ba zai wuce ba.

Za a fara yi mata bayani, a nemi amincewarta a rubuce. Za a ɗebi jininta a gwada, a tanadi wanda za a ƙara mata idan buƙata ta taso, a sa mata ƙarin ruwa da robar fitsari, a kuma ba ta maganin rigakafin ƙwayoyin cuta. A mafi yawan lokuta allura ake yi a gadon baya, wadda ke kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙafa. Idonta biyu, tana jin maganar ma'aikata, tana jin ana taɓawa ana ja, amma ba ta jin zafin yanka. Akan sa labule a tsakani don kada ta ga wurin. Likita zai yanka ƙasan mara a kwance, tsawon da bai fi ɗani ɗaya ba, ya buɗe mahaifa, cikin mintuna kaɗan a ciro jariri. Sauran lokacin ana ɓatar da shi ne wajen cire mabiyiya da ɗinki, duka aikin yakan ɗauki minti 40 zuwa sa'a guda.

Mata da yawa sukan ce abin da ba sa mantawa shi ne kukan farko da suka ji daga bayan labule. Idan uwa da jariri suna cikin ƙoshin lafiya, akan goge shi a ɗora mata a ƙirji, fata da fata, domin ya ji ɗumi. Mahaifi ko kaka na iya karɓarsa daga baya a yi masa kiran salla a kunne kamar kowane jariri.

Kwanakin Farko Da Tarbar Jariri

Bayan allura ta saki, ciwon ɗinki yakan taso, musamman wajen tari ko juyi, kuma akwai magungunan rage shi waɗanda ba sa cutar da mai shan nono. Ma'aikata za su ƙarfafa mata ta zauna, ta taka kaɗan tun a rana ta farko ko ta biyu, saboda motsi na hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa. Idan komai ya tafi daidai akan sallame ta bayan kwana 3 zuwa 5, wato kafin ranar suna.

A sa jariri a nono da wuri, cikin sa'ar farko idan hali ya yi. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, shi ne rigakafinsa na farko, don haka kada a matse shi a zubar, kada kuma a maye gurbinsa da ruwa ko madarar shanu ko jiƙe-jiƙe. Nono zalla ya ishi jariri har wata 6. Mai ɗinki za ta fi jin daɗin shayarwa a kwance ta gefe, ko ta sa matashi a cinya. A tabbatar an yi wa jariri rigakafin haihuwa, wato allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan-inna. A kula da cibiya da maganin shafawa da asibiti ke bayarwa, ban da toka ko man goge baki ko gashi da tsumma mai zafi. A kuma yi masa rajista a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a karɓi takardar haihuwa.

Jego Bayan Aiki

Kwana arba'in ɗin da al'adarmu ta keɓe wa mai jego ya yi daidai da mako 6 da likitoci ke cewa jiki na buƙata ya warke. Hutun da kulawar dangi abin yabo ne. Sai dai akwai abubuwan da ya wajaba a gyara. Wankan jego da tafasasshen ruwa ana fyaɗa ganye a jiki na iya ƙona fata ya ɓata ɗinki, saboda haka a yi wanka da ruwa mai ɗumi kawai, a tsane wurin da tsabtataccen ƙyalle. Haka kuma binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi. A musanya da kunun gyaɗa da wake da ƙwai da nama da ganyayyaki irin su zogale. Daka da surfe da jan ruwa a rijiya da ɗaukar itace duk a ɗauke mata su har ta yi arba'in.

A mayar da ita asibiti nan take idan aka ga zazzaɓi, ko zubar jini mai yawa, ko ruwa mai wari, ko ɗinki ya kumbura yana fitar da mugunya, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko numfashi sama-sama. Haka nan idan baƙin ciki da yawan kuka suka wuce mako biyu, larura ce da ake magani, ba a barin mai ita da gori. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko idonsa ya yi rawaya, shi ma a gaggauta kai shi.

Shin Za Ta Sake Haihuwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun magidanta. Amsa ita ce e, za ta sake haihuwa in Allah ya nufa. Da yawa daga cikin matan da aka yi wa aiki sau ɗaya sukan haihu da kansu daga baya, idan dalilin farko bai sake tasowa ba. Sharuɗɗa biyu ne. Na farko, a ba mahaifa hutu na kimanin shekara biyu kafin wani ciki, wanda ya yi daidai da tsawon shayarwa da muka saba. Na biyu, duk haihuwar da za ta biyo baya a yi ta a asibitin da ke da ɗakin tiyata, domin tabon mahaifa na iya tsagewa lokacin naƙuda. Kada a ba irin wannan mace maganin zafafa naƙuda a gida, na gargajiya ne ko na kemis.

Batun Kuɗi

A watan Nuwamba na shekarar 2024, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin Gwamnatin Tarayya na yi wa mata marasa ƙarfi aikin haihuwa kyauta a asibitocin da aka tantance, ta hannun Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa. Ana shawartar magidanta su tambayi ma'aikatan awon ciki tun da wuri wane asibiti ne ke cikin shirin da kuma yadda ake shiga. Duk da haka, kuɗin mota da abinci da ɗawainiyar mai jinya suna wuyan gida. Wanda ya iya tanadin ragon suna tun ciki na wata biyar, ya dace ya ware na gaggawa tare da shi.

Nauyin Da Ke Kan Magidanta Da Shugabanni

Masana sun nuna jinkiri iri uku ke halaka masu haihuwa: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko suna hannun al'umma. Daga Dutsin-Ma zuwa birnin Katsina, inda Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya suke, tafiyar kimanin kilomita 60 ce ta hanyar Kurfi, kuma ga mazauna ƙauyukan da ke nesa da titi, damina da tafiyar dare sukan ƙara wahalar da lamarin. Saboda haka ana kira kamar haka:

1. Maigidan da zai tafi cin rani ko kasuwa ya bar izini a fili cewa a kai iyalinsa asibiti, a kuma yi aiki idan likita ya ce, ba sai an jira shi ba.
2. Macen da aka gaya wa a wajen awo cewa cikinta na da haɗari ta koma kusa da babban asibiti, gidan dangi ko na sani, tun watan haihuwa ya kama.
3. Naƙudar da ta wuce sa'a 12, wato rana ta fito ta faɗi a kanta, ko dare ya yi gari ya waye, a ɗauke ta a matsayin gaggawa. Zubar jini da jijjiga kuwa ba a jira ko minti ɗaya.
4. Masu unguwanni da dagatai su yi yarjejeniya da direbobin tasha, a san wanda za a kira da dare, a kuma kafa asusun gaggawa na gari.
5. Matasa su gwada rukunin jininsu, a riƙe sunayen masu shirin ba da gudummawa.
6. Ungozomomi su zama masu rakiya zuwa asibiti da wuri, a kuma daina yankan gishiri, domin ba ya buɗe ƙashin ƙugu, sai dai ya jawo zubar jini da yoyon fitsari.
7. Limamai su yi amfani da huɗuba da taron suna wajen tunatar da jama'a cewa neman magani ba ya cin karo da tawakkali.
8. Jami'an lafiya na ƙananan hukumomi su tabbatar kowace cibiya ta san inda za ta tura mai naƙuda, da lambar da za a kira kafin a taso.

Daga ƙarshe, ana roƙon surukai da kishiyoyi da maƙwabta su kiyaye harshensu a ɗakin mai jego. Wadda aka yi wa aiki ta ɗauki ciki wata tara, ta sha naƙuda, ta kuma ɗauki ciwon ɗinki a kai, don haka barkar da za a yi mata daidai take da ta kowace uwa. Gorin da aka yi mata yau, ƙanwarta na ji, kuma shi ne zai sa ta ɓoye naƙudarta gobe. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, amin.