Daga Yuraniyom Ɗin Arlit Zuwa Sinadarin Da Ba Ya Kai Ƙiftawar Ido

Mu mutanen jihar Agadas mun saba da jin sunan yuraniyom kamar yadda muka saba da sunan gishirin Bilma. A 1957 aka gano shi a Azelik, kamfanin SOMAÏR ya fara haƙo shi a Arlit a 1971, sai COMINAK a Akuta daga 1978 har zuwa rufewarsa a 2021. To amma mene ne ya bambanta wannan ma'adini da sauran?

Masana sun jera sinadaran duniya bisa lamba, gwargwadon yawan wasu ƙananan ƙwayoyi da ke tsakiyar kowanne. Ƙarfe na da 26, zinariya 79, yuraniyom kuwa 92. Shi ne mafi nauyi cikin waɗanda ake samu da yawa a ƙasa. Waɗanda ke gaba da shi, galibi ɗan Adam ne ke ƙera su.

A 1940 masana a Amurka suka harbi yuraniyom da ƙwayoyi, suka samu na 93, daga baya na 94. Haka aka yi ta hawa har aka kai 104, inda ake fara ƙidayar sinadarai masu tsananin nauyi. Na ƙarshe a jerin shi ne na 118, wanda aka haɗa a Dubna ta ƙasar Rasha, aka kuma raɗa masa sunan masani Yuri Oganessian a 2016. Lissafin irin na kasuwa ne: aka haɗa mai lamba 20 da mai lamba 98, wanda shi ma tsatson yuraniyom ne.

Sai dai wannan haja ba ta ajiyuwa. Ƙwayoyi 'yan ƙalilan aka taɓa samu, kuma suna tarwatsewa cikin kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, domin nauyin ya fi ƙarfin abin da ke riƙe ta. Yuraniyom kuwa sai ya shekara kimanin biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe.

A nan ne zancen ya shafe mu. Tunda a hankali yake rikiɗewa, tururin da shi da 'ya'yansa ke fitarwa ba ya ƙarewa a zamaninmu, kuma ba a ganinsa, ba a jin warinsa. A 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta auna wasu tarkacen ƙarafa da ake sayarwa a Arlit, ta tarar suna fitar da wannan tururi.

Don haka 'yan kasuwa da iyayenmu mata, kafin a sayi tsohon bututu ko ƙarfen da za a ƙera tukunya ko a yi rufin ɗaki, a tambayi inda ya fito. In daga wajen haƙar ma'adinai ne kuma ba a auna shi ba, a bar shi komai arharsa. Rigakafi ya fi magani.